Ajiya bakwai a cikin badala

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Na buɗe wannan littafi ne don kada abin da muke yi ya bi iska. Aikin shi ne, in Allah ya yarda, kafin azumi ya kama mu tsara hanyar yawo da ƙafa a cikin birnin Kano, daga Ƙofar Nassarawa har kan Dala, tare da ɗan rakiya mai ba da labari. A wurare bakwai a kan hanyar kuma za mu ɓoye 'yar ƙaramar ajiya, masu yawon su nemo ta da wayarsu.

A aji abin ya samo asali. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ranar nan na ce wa 'yan aji biyar su lissafo mini ƙofofin Kano. Wanda ya fi kowa ƙoƙari tara ya kawo. Na tambayi wata yarinya mene ne Kabuga, ta ce, "Malam, ba inda ake sauka in za a je BUK ba?" Ban ga laifinta ba, iyakar abin da muka nuna mata ke nan. A garin nan aka yanke wa yaran nan cibiya, amma daga cikin adaidaita sahu suka san shi, daga wannan shataletale zuwa wancan. Ni kuwa a Yakasai na tashi. Ina ɗan shekara tara kakata take aikena Kurmi sayo kanwa da daddawa, in shiga wannan lungu in ɓulle ta wancan, duk inda na bi sai an tambaye ni ɗan gidan wane ne. Wannan sanin ne nake tsoron ya ƙare a kanmu.

Maganar ajiya ƙanena ne ya zo da ita. Wasa ne da ake kira Geocaching. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS, wato wadda ke nuna wa na'ura inda take a doron ƙasa, da take yi wa farar hula da gangan. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon, ya zuba 'yan kaya da takardar sa hannu, ya wallafa lambobin wurin a intanet, ya ce wanda ya same shi ya ɗauki abu ɗaya, ya bar wani, ya rubuta sunansa. Yau irin wannan ajiya ta haura miliyan uku a duniya. Mu mun raɗa masa farautar ajiya.

Mu huɗu ne a kan aikin: ni, da ƙanena, da 'yar yayata da ke karatun tarihi a jami'a, da wani tsohon ɗalibina tela wanda ya san lungunan yammacin birni fiye da ni.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Zagayen farko, don auna hanya. Ƙarfe shida da rabi muka haɗu a gindin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, muka miƙe zuwa Gidan Makama, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Yanzu gidan tarihi ne, a ciki tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni suke. Daga nan muka bi ta Ƙofar Kudu, muka zaga ta Babban Masallaci, muka gangara Ƙofar Mata wurin marina, muka juyo muka faɗa Kurmi, sai Madabo, sai Dala. Awa biyu da rabi, ba tare da mun tsaya labari ba.

Abu biyu na dawo da su gida. Muna Gidan Makama wayar ƙanena tana nuna digiri 11 da minti 59 arewa, kafin mu kai Dala ta koma digiri 12 da ɗoriya. Ashe layin digiri 12 ta tsakiyar birni ya ratsa, wajajen Kurmi. Shekara da shekaru ina zana wa yara wannan layi a allo kamar wani abu na can nesa, alhali kullum masu tura baro suna tsallake shi. Dole wannan ya shiga cikin yawon.

Na biyun damuwa ce. A fili wayar ba ta kuskure da fiye da mita huɗu ko biyar. Amma da mun shiga matsattsen lungu mai dogayen katangu, ko ƙarƙashin rufin kwanon Kurmi, sai ɗigon da ke nuna inda muke a waya ya yi ta tsalle, mita goma sha biyar, ashirin. A daji wannan ba komai ba ne. A cikin birni mita ashirin tsakar gidan matan aure ne.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Mun sayi robobi masu murfin murɗawa, kowace muka saka ɗan littafi da guntun fensir da 'yan maɓallai masu launi daga shagon tela. Ƙanena ya karanto mana ƙa'idojin wasan: ba a haƙa rami, ba a sa abinci, kuma tsakanin ajiya da ajiya kada ya gaza mita 161. Mun ɓoye uku na gwaji. Ɗaya a bayan wani dutse a gindin Dala, ɗaya a tsakanin saiwoyin wata darbejiya a bakin kududdufi, ɗaya a ƙarƙashin wata dakali da ta tsage kusa da Kurmi.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Babu ko ɗaya. Ta gindin darbejiya mai shayin wurin ya ce ya ga 'yan jari bola sun jefa ta a buhu tun ranar Lahadi. Ta Dala yara ne, mun tarar da littafin a yage, maɓallan suna wasan dara da su. Ta ukun ba wanda ya ce ya gan ta. Ƙanena ya ce girmansu ne ya tona musu asiri, a koma ƙanana, kamar kwalbar turare ɗan goma, a naɗe da baƙin salatif. Na yarda.

Asabar, 2 ga Disamba

Yau Allah ne ya kiyaye. Zan rubuta shi dalla-dalla, don shi ya sauya aikin gaba ɗaya.

Wajen ƙarfe tara muna wani lungu tsakanin Kurmi da Dala. Akwai tsohuwar katangar ƙasa, da wani rami a jikinta inda azara ta zare. Ƙanena ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa, ya zura hannu ya tura 'yar kwalbar. Ashe wata dattijuwa tana cikin zaure tana kallonsa ta bayan labule. Sai muka ji salati, "Jama'a ku fito, ga wasu suna tura mana asiri a katanga!" Kafin ka ce kwabo lungun ya cika. Wani matashi ya riƙe wuyan rigar ƙanena. Wani ya zaro kwalbar da tsinke, ba ya ko son taɓa ta da hannu. Da aka warware salatif aka ga takarda a nannaɗe a ciki, sai hayaniya ta ƙaru. A lokacin ne na kalli abin da idonsu: baƙo, da waige-waige, da ƙaramin abu baƙi, da rubutu a naɗe, da ramin katangar gidan mutane. Ko ni ne a zauren nan abin da zan ce ke nan.

Telan ne ya cece mu, wani a cikin taron ya san mahaifinsa. Aka ce a tafi wurin mai unguwa.

Muka same shi a kan tabarma a ƙofar gida. Muka cire takalma, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya bar kowa ya gama magana, sannan ya sa aka miƙo takardar, ya juya ta gaba da baya, babu komai sai layuka da na ja don sa hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne," na kwashe bayani tun daga farko na yi masa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, niyyarka mai kyau ce, amma ka shigo gida ta kan katanga. Kai da ka ce a Yakasai ka tashi, ka taɓa ganin lungun da ba ido? Kuma ka manta abin da garin nan ya gani? Da kusa da masallaci kuka tura wannan abu, da ba a gabana kuke zaune ba yanzu."

Ban manta ba. Ina gari ranar 20 ga Janairu, 2012 da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano, ina gari ranar Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014 da aka kai hari Babban Masallaci. Amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wasanmu ba, kuma wannan sakacina ne, ba na ƙanena ba. Ni ne babba.

Da za mu tashi sai ya ƙara da cewa, "Ajiya kuke so? To a nan ajiya a hannun mutum ake ba da ita. Kakanninmu fatake su tafi Gwanja su shekara biyu, su dawo su tarar da kayansu yadda suka bari. Ba a rami suka sa ba." Ya sa muka je muka ba dattijuwar haƙuri. Ta ce, "Ba komai 'ya'yana, Allah ya yi muku albarka, amma kada ku kuma." Hannunta na rawa har lokacin.

Lahadi, 10 ga Disamba

Jiya ba mu fita ba. Mun zauna a shagon tela muna juya maganar mai unguwa. Ƙanena ya nuna mini cewa ƙa'idar shafin Geocaching ba ta yarda da ajiyar da sai an shiga shago ko an yi magana da mai shago kafin a same ta ba, don kada wasan ya koma talla. Na fahimci dalilinsu, kuma yana da kyau a inda aka yi shi. Amma wasan a dajin da ba kowa aka haife shi, mu kuma garinmu mutane ne. Mun yanke shawara ba za mu saka namu a shafin ba. Za mu riƙe lambobin GPS da littafin sa hannu da musayar kaya, sauran mu yi irin namu.

Ga tsarin. Lambobi su kai ka bakin lungu ko bakin rumfa, daga nan sai tambaya, matambayi ba ya ɓata. In ka sami mai riƙon ajiya ka yi sallama, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Mun zo ganin ajiyar malam." Zai yi maka tambaya ɗaya wadda amsarta tana nan kusa in ka buɗe ido. In ka amsa ya ba ka jakar, ka sa hannu, ka ɗauki abu ka bar abu, sannan ya ba ka lambobin wuri na gaba. Ƙanena bai ji daɗi ba, ya ce an cire ɓuyan, an cire wasan. Na ce mu gwada tukuna.

Asabar, 23 ga Disamba

Mako biyu muna neman masu riƙo. Wannan karon ta ƙofa muke shiga: kowace unguwa sai mun fara gaida mai unguwa, mun faɗi abin da ke tafe da mu. Tunda ajiya ba za ta kwana a rana ba, mun bar roba, mun sa wani baduku a Kurmi ya ɗinka mana 'yan jakunkunan fata ja guda bakwai. Shi ne ma ya fara karɓar ɗaya.

Wanda ya fi ba ni wuya, kuma ya fi shiga raina, wani tsohon marini ne a karofin Ƙofar Mata. Shekarar 1498 ake ba wa kafuwar wurin. Ramukan suna nan birjik a ƙasa, amma waɗanda ake aiki da su ba su kai waɗanda suka bushe ba, wasu an rufe da murfin kaba, wasu shara ta cika su. Na same shi zaune a bakin raminsa a kan ɗan buhu, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, farcensa kamar an shafa shuni. Yana tsoma farin yadi, ya juya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Yadin ya fito kore-kore, yana ɗiga, iska tana bugunsa yana rikiɗa shuɗi a gaban idona. Ya sake mayarwa. Ya ce iskar ce take rina, ruwan kai saƙo kawai yake yi. Ganyen baba da toka da kanwa ake zubawa, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki kafin rami ya nuna, kuma da hanci yake gane ya nuna.

Da na gama bayani ya ce, "Yaro, masu kyamara sun sha zuwa nan. Su ɗauki hannuna, ba sa tambayar sunana." Na ce, "Baba, waɗannan sai sun gaishe ka, kuma kai za ka yi musu tambaya, ba su za su yi maka ba." Ya daɗe yana juya yadinsa. Sannan ya ce, "Kawo." Tambayar ma shi ya zaɓa da kansa: wane launi yadi yake fitowa da shi daga rami? Ya ce duk wanda ya ce shuɗi bai tsaya ya kalla ba, ya koma ya zauna.

Zuwa yau muna da biyar: baduku, da marini, da wani mai sayar da littattafan addini, da wani malamin allo a Madabo, da wata Inna mai ƙuli-ƙuli da gyaɗa a gindin Dala. Mutum uku sun ƙi. Ɗaya ya ce ba ya karɓar amanar da bai san ƙarshenta ba, kuma na girmama wannan amsa.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Hazo ya sauka sosai, sanyi har cikin ƙashi. Ni da 'yar yayata muka bi badala daga Ƙofar Nassarawa muka yi yamma, don duba ko za ta yi hanya ta biyu: Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. An faɗaɗa ta zamanin Rumfa, aka ƙara zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don a duba ko za a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, akwai inda take tsaye da kwarjininta, sai ka ɗaga kai, ka ga layin tubali a inda yaɓe ya zube. Akwai inda ta koma tudun da awaki ke kwana. Akwai inda aka yanke ta aka kafa gini, akwai inda aka mayar da ita juji da makewayi, akwai inda ka ga sawun diga sabo, an ɗebi ƙasarta. Ƙofofin da yawa an rushe na asali don faɗaɗa titi an sake su da siminti. Ban ce kada a yi titi ba, mutane sun yi yawa, dole su wuce. Amma abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa kwando-kwando a ka, bai kamata ya ƙare a bayan tifa ba.

'Yar yayata ta tsaya a wani wuri da ganuwar ta ɓace gaba ɗaya, ta ce, "Kawu, in mun kawo yara nan me za mu nuna musu?" Na ce mu tsayar da su a ƙarshen wannan guntu, mu nuna musu farkon wancan, su auna tsakanin da taku, su rubuta. Baɗi in muna raye a sake aunawa. Mun fara yau, taku ɗari biyu da goma sha ɗaya nata.

Hanyar ba ta da inuwa, ga ƙarar motoci. Ba za ta yi wa yara ba sai an raba ta biyu.

Asabar, 20 ga Janairu

Gwajin farko da ɗalibai goma sha biyu, maza bakwai mata biyar, kowa da takardar izinin iyaye. Muka raba su uku, kowane rukuni da waya ɗaya da babba ɗaya.

Abin da bai yi ba: mun makara da kusan awa guda, ruwan da muka ɗauka ya ƙare tun a Kurmi, silifas ɗin wata yarinya ya tsinke, wata waya caji ya ƙare. Kuma na cika magana a Gidan Makama, na ga idanunsu sun bar ni sun koma titi. Daga yanzu kowane zango labari ɗaya, minti biyar.

Abin da ya yi kuwa ya fi ƙarfin abin da na zata. A karofi rukunin farko suka amsa da baki ɗaya, "Shuɗi!" Baba ya nuna musu ƙasa da haɓa. Suka tsuguna, suka yi tsit, har ya ɗago yadin. Wani yaro da a aji ba ya buɗe baki ya ce a hankali, "Baba, kore ne." Baba ya goge hannu a tsumma, ya ciro jakar daga cikin rigarsa. A jikinsa yake ajiye ta. A Kurmi, kasuwar da ta kafu tun zamanin Rumfa, suka riƙa tafiya taku-taku ido a kan waya har lambar ta juya daga 11 zuwa 12, suka yi ta tsallakawa suna dawowa, 'yan kasuwa na tambayarsu lafiya. A Madabo malamin allo bai ba su jakar ba sai da ya gyara wa mazan gaisuwa, ya ce ba a gaida babba a tsaye hannu a aljihu. Ya ba su labarin Wangarawa da suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ya fi yadda ni zan bayar.

Azahar ta same mu a gindin Dala, muka yi salla sannan muka hau. Hazo bai bari mun ga nesa ba, amma ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin gidaje ko'ina kamar an baza tabarma. Na ce su nemo hanyar da muka biyo. Suka yi ta musu, suna nuni da yatsa. Ƙanena ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, wasan yana nan."

Laraba, 24 ga Janairu

Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya zo makaranta. Ya ce ɗansa ya koma gida yana labarin Barbushe da Tsumburbura, shi kuma bai tura shi a koya masa tsafi ba. Na ba shi kujera, na ce, "Alhaji, abin da na faɗa musu shi ne abin da Tarihin Kano ya kawo: mutanen Dala na farko suna da abin bautarsu, Barbushe yake shiga wurinsa ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi, daga baya Allah ya kawo Musulunci aka bar wannan. Yaron da bai san duhun da aka fito ba, yaya zai san darajar hasken?" Bai gamsu duka ba. Ya ce in dai za a faɗa, a fara da Madabo a ƙare da Madabo. Na ga akwai gaskiya a tsarin da ya kawo, tunda dama ta nan muke bi. Mun rabu lafiya, ya ce zai zo yawo na gaba ya ji da kunnensa.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Da gangan na zaɓi yau don zuwa Kabuga. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanal Morland suka ci Kano, shekara 121 ke nan cif, kuma ta wannan ɓangare suka shiga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926. Mun tsaya mu huɗu da yara shida a gefen titi, motoci na wucewa ba mai waige. Yarinyar nan da ta ce Kabuga wurin sauka ne tana cikinsu, ita na sa ta karanta shekarun da ƙarfi.

Mun sami mai riƙo na shida a nan, wani mai facin taya da ya shekara ashirin a wurin. Hanya ta biyu ta sami ajiyarta ta farko.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Maganar kuɗi ta taso, dama na san za ta taso. Fita uku muka yi, masu riƙo suna barin sana'arsu suna sauraron yara. Na kai wa Baba marini ɗan abin goro, ya mayar mini da hannuna, ya ce ba a biyan mutum don ya riƙe amana. Amma ya ce in manya za su zo, su zo da farin yadi ko tsohuwar riga a rina musu, su biya kuɗin aiki. Haka za mu yi da kowa: yara kyauta, manya su yi ciniki. Inna mai ƙuli-ƙuli dama ba ta da wannan matsala, ranar yawo farantinta ba ya kai la'asar.

Na duba littafin da ke jakar Baba, na tarar da sunaye fiye da waɗanda muka kawo. Ashe duk baƙon da ya zo karofi ya tsaya ya gaishe shi da kyau, sai ya yi masa tambayar, ya ba shi littafin. Akwai wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ya zo sari Kantin Kwari, ya sa hannu da ajami, ya bar dabino uku a jakar. Na ce, "Baba, ƙa'ida ta hana abinci." Ya ce, "Wannan ƙa'idar rami ce. Tawa jakar ba ɓera."

Alhajin nan ya zo yau kamar yadda ya ce. A Madabo shi da malamin allo suka gano kakanninsu sun yi karatu a zaure ɗaya, muka bar su suna hira muka hau Dala.

Asabar, 9 ga Maris

Fita ta ƙarshe kafin azumi, ana sa ran ganin wata gobe. Zafi ya fara, ƙarfe goma ma ƙasa ta ɗauki wuta, dole bayan salla mu koma fita da asuba.

Mun je gindin Dala ba mu ga Inna ba. Wata yarinya 'yar kamar shekara goma sha biyu ce a kan farantin. Ta ce kakarta ba ta da lafiya, an kai ta gidan ɗanta a Rijiyar Lemo, yau kwana tara. Kafin in tambaya ta ɗaga zanin da ke ƙarƙashin farantin, ga jakar. Ta ce, "Ta ce in malam ya zo in gaya masa ajiyarsa tana nan, kuma kada in ba kowa sai ya faɗi dutsen da ake hangowa ta yamma." Yaran suka amsa, ta ba su, ta tsaya a kansu har suka gama sa hannu ta karɓe. Na karɓi kwatancen gidan, gobe ni da maiɗakina za mu je dubiya.

Inda aiki ya tsaya: ajiya shida a hannu, biyar a hanyar Dala, ɗaya a Kabuga. Ta bakwai jakarta tana shagon tela, muna son ta zauna wajajen Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa, ba mu taka arewacin ganuwa ba tukuna. Littafin baduku ya kusa cika, sai an sayo wani. 'Yar yayata za ta zauna da Baba marini a cikin azumi da hantsi, lokacin da aiki ya yi sauƙi, ta rubuta sunayen kayan rini da na zane-zanen ɗauri daga bakinsa, ya yarda. Tsohon ɗalibina zai koya wa yara biyu rakiya, don ranar da ba na nan. Awon giɓin badala kuma sai 6 ga Janairu mai zuwa, da takun mutum ɗaya, daga guntun da muka yi wa alama da farin dutse.